Ayarin Gwanja a Kan Tebur

Aikin da ya fi ba malamin harshe wuya shi ne ya sa ɗalibi ya buɗe baki. Ɗalibi yakan haddace sunayen ranaku da na watanni, ya rarrabe namiji da mace a nahawu, har ya ci jarrabawa da maki mai kyau. Amma in ya shiga kasuwa aka ce masa, "Sannu da zuwa, me za a kawo?" sai harshensa ya yi nauyi. Na daɗe ina koyar da Hausa a makarantun sakandare na Legas, mafi yawan shekarun kuwa a Agege na yi su. Ɗalibaina iri biyu ne. Akwai 'ya'yan Yarbawa da na Ibo da na sauran ƙabilu, waɗanda suke jin Hausa a titi amma ba a yin ta a gidajensu. Akwai kuma 'ya'yan Hausawa haifaffun Ikko, waɗanda Yarbanci da Turancin kasuwa suka fi zama a bakinsu. Dukansu ciwonsu ɗaya: suna da kalmomi, amma ba su da dalilin furta su a cikin aji.

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan Nijeriya uku, wato Hausa da Ibo da Yarbanci, ban da harshen gidansu. An yi haka ne domin 'yan ƙasa su fahimci juna. To, harshen da ya tsaya a kan allo ba ya haɗa kowa da kowa. Wannan ne ya sa nake shirya wa ɗalibaina wani wasa da muke kira wasan labari. Ina so in bayyana muku yadda ake tsara shi, domin ku ma ku iya tsara naku.

Mene ne wasan labari?

Mutum biyar ko shida sukan zauna kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagoran wasa. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin labarin, ya zama bakinsa. Jagora ya bayyana wurin da ake da abin da yake faruwa, sannan ya tambaya: "Me za ku yi?" 'Yan wasa su yi shawara, su faɗi abin da mutanensu za su yi, jagora kuma ya gaya musu abin da ya biyo baya. In abin da suka nufa yana iya yiwuwa, yana kuma iya ƙin yiwuwa, sai a bar wa ƙuri'a ta raba gardama.

Wasan da ya yaɗa wannan tsari a duniya shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A cikinsa 'yan wasa sukan zama jarumai da matsafa, su shiga kogunan duwatsu neman dukiya, suna jefa wani abu irin ɗan ludo, amma mai fuska 20. Daga baya an ƙirƙiro wasanni masu yawa a kan wannan tsari, wasu a kan tarihi, wasu a kan binciken laifi, wasu a kan tafiya sararin samaniya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga sassan wannan wasa. Yana da tatsuniya, inda Gizo da Ƙoƙi da Dodo suke ta fama da juna. Akwai ma tatsuniyoyin da ake rufewa da tambaya, a bar masu sauraro su yi ta muhawara a kan wanda ya fi wani gwaninta ko gaskiya. Yana da tashe a watan azumi, inda yara suke zama Jatau Mai Magani ko Mairama da Daudu. Yana da kalankuwa bayan kaka, inda samari suke naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su kwaikwayi mulki. Abin da wasan labari ya ƙara shi ne ya haɗa ba da labari da kwaikwayo, ya sa musu doka, ya kuma karɓe ƙarshen labari daga hannun mutum ɗaya. Mai tatsuniya ta san inda za ta dire tun kafin ta fara. Jagoran wasa bai sani ba, kuma bai kamata ya sani ba. A nan ne dukan hikimar shirya wasan take. Aikin jagora shi ne ya tanadi hanya da mutane da matsaloli, ya bar wa 'yan wasa hukunci.

Zaɓen hanya

Abu na farko da mai shirya wasa zai yi shi ne ya zaɓi duniyar da labarin zai gudana. Ni na zaɓi hanyar fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19, kuma Agege ce ta zaɓar mini ita.

Fatake sukan taso daga Kano da baƙin rini da kanwa da kayan fata da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu takan bi ta Yawuri, ta ƙetare kogin Kwara, ta ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ta wuce Jugu a Jamhuriyar Benin ta yau, ta kai Yandi, sannan Salaga a ƙasar Gwanja, wadda yanzu take arewacin Gana. A Salaga ne ake sayen goron da ya fito daga kurmin Asante. Tafiyar takan ci watanni, kuma ayari yakan yi girma ƙwarai. A 1826 Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000.

Bayan Ingilishi sun ci Asante da yaƙi a 1874, sai kasuwar Salaga ta fara ja da baya. Goro ya soma biyo teku zuwa Legas. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci ta jirgin ruwa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai hanyar jakuna ta zama tarihi. A farkon ƙarni na 20 kuma manoman Agege da kewaye suka duƙufa ga shuka irin goron nan da Hausawa suke so, Hausawa suka sauka kusa da tashar jirgin ƙasa suna saye suna aikawa Arewa, zango ya kafu. Har gobe Yarbawa suna kiran wannan goro *gbanja*. Ranar da na gaya wa ɗalibaina Yarbawa cewa sunan Gwanja ne yake bakinsu tun suna ƙanana, sai hanyar ta zama tasu su ma.

Darasin da yake cikin wannan shi ne, ka zaɓi duniyar da kake da abin faɗi a kanta, wadda kuma 'yan wasanka suke da ƙofar shiga cikinta. Bayan haka sai ka zana taswira a babbar takarda. Ba sai ta yi kyau ba. Ɗigo ne na garuruwa, da layi na kogi, da alamar dutse da daji. Ka bar wasu wurare babu komai, domin 'yan wasa za su tambaye ka abin da ba ka taɓa tunani ba.

Mutanen ayari

Ayarin fatake yana da tsari, kuma tsarin ne ya ba ni mutanen wasa. Akwai madugu, shugaban tafiya. Akwai jagaba, wanda ya san hanya yake gaba. Akwai uban dawaki, mai tara kuɗin da za a biya a mashigai da ƙofofin gari. Akwai malamin ayari, mai rubutu da lissafi. Na ƙara da mai dafa abinci da mai kula da jakuna. Kowane mutum yana da takarda guda, an rubuta sunansa da garinsu, da abu biyu da ya gwanance a kai, da rauni ɗaya, da dalilin da ya fito da shi daga gida. Jagabanmu ya san taurari da sawun dabbobi, amma yana tsoron ruwa. Mai dafa abinci ta fito ne domin ta tara kuɗin auren ƙanwarta. Rauni da dalili su ne suke mai da suna ya zama mutum.

Ajinmu ya fi ƙarfin tebur ɗaya, saboda haka nakan raba shi gida shida. Kowane gida yana riƙe da mutum ɗaya, kuma kowane mako akan sake wanda zai yi magana da yawun gidan. Ta haka mai kunya ma ranarsa tana zuwa, amma ba ya zuwa shi kaɗai, 'yan gidansu suna raɗa masa.

Yadda ake shirya zango ɗaya

Zama ɗaya na wasa, wanda yake cin darasi guda, shi muke kira zango. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka nakan shirya kowane zango tun a gida, a shafi ɗaya tak. Abu huɗu nake rubutawa.

Na farko shi ne buri. Dole ya zama abin da za a faɗa da jimla ɗaya: a ƙetare kogi kafin dare, ko a gano jakin da ya ɓace, ko a sami izinin sarki. Dubi littafin *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933. Alhaji Imam ya ga abubuwa iri-iri, amma mai karatu ba ya ɓata, domin ya san ruwan nan ake nema.

Na biyu shi ne cikas, da kuma abin da zai hana a yi ta jinkiri. Goro ya taimake ni a nan. Ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Sai an riƙa kwance huhu ana dubawa, ana cire wanda ya lalace, ana yayyafa ruwa, ana sake ganye. Duk kwanan da ayari ya ƙara a hanya hasara ce. Saboda haka in 'yan wasa suka ce za su jira, jiran ma yana da farashi.

Na uku shi ne mutanen da za a gamu da su. Kowanne nakan rubuta masa layi huɗu: abin da yake so, abin da yake tsoro, abin da yake ɓoyewa, da yadda yake magana. Wanda ba ya son komai ba shi da amfani a wasa, domin babu abin da za a yi ciniki da shi a kai.

Na huɗu shi ne hanyoyin fita, aƙalla uku, kowace da tata tsada. In hanya ɗaya ce kawai, to ba wasa ba ne, jarrabawa ce, 'yan wasa za su zauna suna laluben amsar da take cikin kan malam. In kuma wata hanya ba ta da tsada ko kaɗan, kowa ita zai bi, babu abin tattaunawa. Muhawara tana tashi ne inda kowane zaɓi yake da riba da hasara, kuma muhawarar nan ita nake nema, domin da Hausa ake yin ta.

Doka da ƙuri'a

Iyaye da yawa, Musulmi da Kirista, ba sa son ganin ɗan ludo a hannun yaro, domin yana tuna musu da caca. Ina girmama wannan ra'ayi. Saboda haka mukan yi amfani da 'yan takardu shida, masu lamba 1 zuwa 6, a cikin hula. Babu kuɗi a wasan, babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Ayari ɗaya ne, tare ake riba, tare ake faɗuwa.

Aiki mai sauƙi yana neman lamba 3 ko fiye, matsakaici 4, mai wuya 6. Wanda aikin ya dace da gwanintarsa akan ƙara masa 1. Wanda ya yi gaisuwar da ta dace da lokaci da matsayin mutum, a ƙara masa 1. Wanda ya kawo karin magana a inda ta dace, a ƙara masa 1. Ta haka kyakkyawar Hausa takan zama makami a hannun ɗan wasa. Ban hana kowa Turanci ko Yarbanci ba. Abin da na gaya musu kawai shi ne, mutanen da ke cikin labarin Hausa suke ji. In ka yi wa mai gadin ƙofa Turanci, sai ya zuba maka ido.

Akwai doka ɗaya da take kan jagora. In ƙuri'a ta ƙi, kada labari ya tsaya, sai dai ya karkata. An ƙetare rafi, amma mangala ɗaya ta jiƙe. An shawo kan sarki, amma an kwana biyu a ƙofar fada. Faɗuwar da take buɗe sabuwar matsala ta fi nasara daɗin wasa.

A bakin Kwara

Bari in kawo misali daga zango na huɗu. Na ce musu: "Kun iso bakin Kwara da la'asar. Kogi ya cika ya batse. Ga jirage uku a ɗaure. Wani dattijo yana zaune a kan tabarma yana gyaran koma, bai ko ɗaga kai ba. Shi ne Sarkin Jirgi. Can bayanku kuna hango ƙurar wani ayari. Me za ku yi?"

Wani yaro ɗan ƙabilar Ibo, wanda yake riƙe da uban dawaki a ranar, ya ce, "Baba, nawa ne kuɗin fito?" Na yi shiru, na ci gaba da gyaran komar da babu ita. Aji ya fashe da dariya. 'Yan gidansu suka raɗa masa, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Salamu alaikum, Baba. Barka da yamma. Ina gajiya? Yaya iyali?" Sai da aka gama gaisuwa sannan dattijo ya yanka kuɗi: wuri 500 kowane jaki. Jakunansu 30 ne, abin da yake jakarsu kuwa keso ɗaya, wato wuri 20,000. Malamin ayari ya yi lissafi a allo, ya ga 15,000 za su tafi, saura 5,000, ga sauran tafiya a gaba. Uban dawaki ya taya 200, dattijo ya ce, "Albarka."

Hanya uku na tanada. Su biya, su shiga Bargu da ƙaramin guzuri. Ko su jira ruwa ya janye, ayarin baya ya riga su kasuwa. Ko su bi gaɓa kwana uku zuwa wani mashigi, ta cikin dajin da ake jin labarin 'yan fashi. Gida shida suka kaure da gardama. Ana cikin haka sai wata yarinya Bayarabiya, mai riƙe da mai dafa abinci, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina so in kai masa fura." Na ce ta kai. Ta ce, "Baba, ga fura. Na ga kamar ranka a ɓace yake. Lafiya?"

A takardar Sarkin Jirgi, a layin abin da yake ɓoyewa, na rubuta cewa ɗansa ya bi wani ayari zuwa Gwanja, shekara biyu babu labari, shi ya sa yake jin haushin fatake. Ta yi gaisuwa, ta yi alheri, ta zaro lamba 5. Dattijo ya ce, "'Yata, ke kaɗai kika tambaya." Ya gaya mata damuwarsa. Madugu ya yi alkawarin za su nemo labarin yaron, dattijo ya rage kuɗi zuwa wuri 200. Wannan hanya ta huɗu ba ni na shirya ta ba. Ni dai na shirya mutum mai damuwa, su kuma suka gano cewa matambayi ba ya ɓata.

Daga zango zuwa doguwar tafiya

Zango goma a jere su ne doguwar tafiya, wadda takan ɗauke mu tun daga buɗe makaranta har zuwa hutu. Abu uku ne suke ɗinke zangunan su zama labari ɗaya.

Na farko, abin da aka yi jiya ya dawo gobe. A zango na bakwai ayari ya isa Salaga, suka sami ɗan Sarkin Jirgi yana yi wa wani mai masauki aiki. Bashin wuri 4,000 ne ya riƙe shi, kunya kuma ta hana shi aika saƙo gida. Su biya masa daga kuɗin goro, ko su koma da labari kawai, tunda labari suka yi alkawari? Darasi guda cur suka yi suna jayayya. Daga ƙarshe suka biya rabi, suka roƙi mai masauki ya yafe kaɗan, saura kuma yaron ya biya da korar jakuna a hanyar dawowa. Da suka iso Kwara, dattijo ya fito da su kyauta, ya kuma sa su gaban kowa. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza." Mun karanta wannan karin magana tun shekarar da ta wuce, amma a ranar ne ya san abin da take nufi.

Na biyu, abokin hamayya mai dawowa. Kamar yadda Malam Zurƙe yake ɓullowa Alhaji Imam a gari bayan gari, haka madugun ayarin baya yake ɓullo wa ɗalibaina. Ban yi shi mugu ƙurmus ba. Shi ma ɗan kasuwa ne mai iyali, wata rana ya cuce su, wata rana ya ba su aron igiya.

Na uku, littafin tafiya. Bayan kowane zango gidan malamin ayari yakan rubuta abin da ya faru, a karanta a farkon zama na gaba. A nan ne nake gyara rubutu da ƙa'idojinsa. Kowane zango kuma yana ɗauke da darasinsa a ɓoye. Ciniki a kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), yana koyar da ƙidaya: ƙwaryar goro 100 ce, to ƙwarya 12 fa? Shiga fada yana koyar da "ranka ya daɗe" da "Allah ya ja zamanin sarki". Jaki marar lafiya yana kawo sunayen sassan jiki. Ƙara a gaban alƙali tana tilasta wa ɗalibi ya maimaita abin da wani ya faɗa.

Abin da ake kiyayewa

Wanda ya gina wasa a kan tarihi ya ɗauki amana. Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, an sayar da bayi a cikinta, kuma ayarori da yawa da bayi suke tafe. Ba na ɓoye wa ɗalibai wannan, ba na kuma mai da shi abin wasa. In muka kai nan mukan ajiye hula, mu tattauna, in haɗa su da littafin *Shehu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya nuna abin da bauta ta yi wa uwa da ɗanta.

Haka kuma ba na sa wata ƙabila ta zama abin dariya ko ta zama ita ce ɓarayin labari. Mu mazauna Legas mun ga abin da ya faru a Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016, inda maƙwabta suka juya wa juna baya aka yi hasarar rayuka. Yaran da suke zaune a benci ɗaya a ajina, gobe su ne za su yi ciniki da juna a waɗannan kasuwanni. A wasanmu akwai mai gaskiya da macuci a kowane gari, kuma yawancin matsaloli da baki ake warware su.

Ku shirya naku

Ba ku bukatar sayen komai. Takarda da alƙalami da hula sun isa. Ku fara da zango ɗaya, kada ku ce sai kun tsara duniya duka. In hanyar Gwanja ta yi muku nisa, ga ta yau a ƙofar gidanku: motar goro ta tashi daga Agege, ta bi Ibadan da Ilori, ta haye gadar Jebba, ta wuce Mokwa da Kaduna da Zariya, ta sauka Kano. Akwai direba da yaron mota da mai kaya da fasinja. Akwai taya da za ta fashe da dare, da mai abinci a bakin hanya wadda ta san labarin kowa.

Kafin ku rubuta komai, ku je Zango ku gai da wani dattijo mai sayar da goro. Ku durƙusa, ku yi masa barka da kasuwa, ku tambaye shi yadda ake gane goro mai kyau, da kwana nawa huhu yake yi kafin a sake masa ganye, da abin da ya taɓa gamuwa da shi a hanya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Abin da zai gaya muku zai ishe ku zango uku, kuma kafin ku dawo gida kun riga kun yi rabin sa'a kuna Hausa. Sannan ku tara abokanku, ku bayyana musu inda suke da wanda yake gabansu, ku tambaye su abin da za su yi, ku yi haƙuri ku saurari amsarsu.